Yadda Ake Jinyar Ciwon Maƙogwaro a Gida

Da Nuwamba ta raba tsakiya a Kaduna, iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya sauko har wanda ke kan gadar Kawo ba ya hango nesa, sai gari ya ɗauki gyaran murya. A masallaci, a cikin Keke Napep, a layin 'yan gwanjo na Kasuwar Bacci, kowa "ehem, ehem". Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, da ƙurar alli da ɗaga murya nake yini, don haka ciwon maƙogwaro ba baƙona ba ne. A shekara sai ya leƙo ni sau biyu ko uku, ga yara a gida suna karɓa-karɓa da shi. Abin da zan kawo nan shi ne abin da nake yi a ɗakina, bi da bi, wani daga bakin ma'aikatan lafiya na ji shi, wani kuwa wuya ce ta koya mini.

A fara riƙe wannan: yawancin ciwon maƙogwaro ƙwayar bairos ce ke kawo shi, irin wadda ke kawo mura. Ba ta jin kafso, wato maganin kashe bakteriya. Jiki ne ke gamawa da ita da kansa, galibi cikin kwana 3 zuwa 7. Wani kuma ba ma ƙwayar cuta ba ce, bushewar iska ce, ko ƙura, ko hayaƙin itace da na janareta. Aikin mai jinya a gida biyu ne: ya rage wa mutum zafi har jiki ya gama nasa, kuma ya sa ido ya gane ciwon da ba na gida ba.

Kafin a ɗora tukunya, a leƙa

Wannan matakin ne kowa ke tsallakewa, alhali shi ne babba. Wanke hannu da sabulu, ka kunna fitilar waya, ka zaunar da mai ciwon ya buɗe baki ya ce "aaa". In harshe ya tare hanya, danna tsakiyarsa a hankali da mariƙin cokali mai tsabta. Kada ka zura can ciki, zai yi yunƙurin amai. In kai ne mai ciwon, madubi da fitila sun isa. Sai ka shafa ƙasan muƙamuƙi da gefen wuya ka ji ko akwai kaluluwa, ka kuma auna zafin jiki in kana da ma'auni.

Idan abin da ka gani ja ne kawai, ga hanci na zuba, ga atishawa, ga ɗan tari da dishewar murya, to wannan na mura ne. Shi ne na gida, kuma shi sauran bayanin nan ya shafa.

Idan kuwa ƙululun nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira tonsil, sun kumbura da farin ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa nono, zafin jiki ya kai 38 ko ya wuce, kaluluwar wuya na ciwo, amma ba tari ba majina, to ana zargin ƙwayar bakteriya da ake kira sitiref. Ta fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Wannan sai an je asibiti, domin in aka bar shi haka nan yana iya dawowa bayan makonni da ciwon gaɓoɓi, daga baya ya taɓa zuciyar yaro har girmansa.

Na uku shi ne wanda nake so kowace uwa a jihar nan ta haddace kamanninsa. In ka ga wata fata mai kauri, fara-fara ko ruwan toka, ta manne a bayan maƙogwaro, wuya ya kumbura ya yi suntum, numfashi na fita da ƙara, to ana tsoron mashaƙo ne. Tun ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke a Arewa, ta fi yin ɓarna a Kano, kuma a watan Yulin 2023 ta kashe yara a Kafancan. Kada ka yi ƙoƙarin kankare fatar, jini za ta yi. Kada a tsaya dafa citta. A ɗauki yaro a tafi, a kuma raba shi da sauran yara tun daga gida.

Haka nan yaron da yawu ke dalala daga bakinsa ya kasa haɗiya, ya zauna ya miƙa wuya gaba yana neman iska, shi kam ko cokalin ma kada a sa masa a baki. Asibiti kai tsaye.

Ruwan gishiri

To, mun tabbatar na gida ne. Abin farko ruwan gishiri, kuma har yau ban ga abin da ya kai shi araha da amfani ba.

Tafasa ruwa, ka bar shi ya huce ya koma ɗumin da za ka iya tsoma yatsa ka bar shi. Kofi ɗaya, wato kusan rabin ledar fiya wata, sai rabin ƙaramin cokalin shayi na gishirin miya. Rabi na ce. Akwai masu zuba cokali biyu wai don ya fi ci, sai su ƙara wa maƙogwaro bushewa da raɗaɗi. Juya har ya narke. Guntsi kaɗan, ka ɗaga kai sama, ka bar ruwan ya gangara bakin maƙogwaro kana fitar da iska yana "garrr", ka ƙirga ashirin a zuci, ka zubar. Sake guntsa, haka har kofin ya ƙare. Kurkurawa a kumatu kamar ta alwala ba ta kai wa inda ciwon yake.

Sau 3 ko 4 a yini: da asuba, da na dawo daga makaranta, bayan magariba, da lokacin kwanciya. Ba a haɗiyewa, musamman ga mai hawan jini. Yaron da bai kai shekara 6 ba galibi bai iya ba, haɗiyewa zai yi ko ya ƙware, a ƙyale shi. Wanda ya ɗan tasa, a fara gwada shi da ruwa zalla a ga ko ya iya. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki da lokacin sahur, don irin wannan kurkurar ba ta da wuyar zarcewa ciki.

Abin sha

A hunturu ƙishirwa ba ta damun mutum, sai ya yini bai sha kofi uku ba, alhali iskar tana tsotse shi. Ga kuma ciwo yana sa a ƙi haɗiya. Busasshen maƙogwaro kuwa ya fi jiƙaƙƙe ciwo nesa ba kusa ba. Ajiye gorar ruwa kusa da kai, ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ba sai ka ji ƙishi ba. Ma'aunin da nake bi fitsari ne: in ya yi ja ko ya yi ƙaranci, ruwa bai isa ba.

Maganar ruwan sanyi, na san za a yi mini ca. Mun taso ana cewa shi ke kawo ciwon. Ruwan sanyi ba ya ɗauke da laifin nan, ƙwayar cuta ce ke yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Wasu ma sanyin ne ke kashe musu zogin, har su iya haɗiyar abinci. Autata in maƙogwaronta ya kumbura, ƙanƙarar zoɓo kaɗai take karɓa, kuma ina ba ta muddin na san ruwan da aka haɗa shi da shi. Ni kuwa ɗumi nake so. Kowa ya bi wanda ya fi yi masa daɗi. Mai zafi ƙwal ne kawai ban yarda da shi ba, irin shayin da ake kurɓa ana hura baki, don ƙuna ce a kan gyambo.

Ga haɗin da nake yi. Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, a kankare bayanta da cokali, a daddaka a turmi. Kanumfari ƙwaya 3 ko 4. A zuba a ruwa kofi biyu, a tafasa minti 10, a sauke a tace. A bari ya huce zuwa ɗumi, sannan a sa zuma babban cokali ɗaya a kowane kofi, a matsa rabin lemun tsami. A sha a hankali, ana barin sa yana wanke maƙogwaro. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da dare.

Mu nan citta a ƙofar gida take, daga Kachiya da Jaba da Kagarko ake loda ta zuwa ko'ina, har ƙasashen waje. Sai dai tun da cuta ta faɗa wa gonakin a damunar 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, mai kayan yaji ya koma yanka maka ɗan guntu yana kallon fuskarka. In ba ka samu ɗanya ba, busasshiya rabin ƙaramin cokali ta wadatar. In ma babu duka, kada ka damu, domin a cikin haɗin nan zumar ce uwar tafiya. Ita ke lulluɓe maƙogwaro ta rage ƙaiƙayin da ke tayar da tari cikin dare. Sau da yawa cokali ɗaya nake lasa haka nan kafin in kwanta, ba citta ba komai.

Kuskuren da na fi gani wajen maƙwabta shi ne haɗa kayan yaji kamar za a yi yajin jego: citta, masoro, kimba, tafarnuwa, barkono, a tafasa ya yi baƙi, mai sha na hawaye ana ce masa "ai zafin nan ne maganin". Ba shi ba ne. Wurin da ya riga ya saluɓe ba ya son yaji. Lemun tsamin ma in ya yi yawa yana cizo, kuma mai olsa ya rage shi da cittar ko ya bar su.

Abu biyu game da zuma. Jaririn da bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi zuma, ko ɗigo, ko ta laƙaba a baki, domin tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya kashewa ba, ta shanye masa jiki har numfashi. Mai ciwon suga kuma ya san zuma ma suga ce, ya taƙaita. Batun ta gaske da ta haɗi, gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa duk ban ga sun tsare kowa daga 'yan damfara ba. Ka nemi mai zumar da ka yarda da shi ka riƙe shi.

Maganin kashe zafi

In haɗiyar yawu ta zama aiki, a sha farasitamol. Babba ƙwaya 1 ko 2 na miligiram 500, tsakanin sha da sha awa 4 zuwa 6, kuma kada a wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24. Wuce haka hanta yake ci, kuma ba ya nuna alama da wuri. A lura da wani tarko: yawancin magungunan mura na haɗi da ake sayarwa a kemis akwai farasitamol a cikinsu. Sai mutum ya sha wancan ya sha wannan, ya ninka bai sani ba. Karanta kwalin.

Yara na ruwa ake ba su, gwargwadon shekaru ko nauyi kamar yadda aka rubuta a jikin kwalba, da ɗan kofin awon da ke zuwa da ita, ba cokalin cin shinkafa ba. Kada ya wuce sau 4 a awa 24.

Ibufurofen ma yana aiki, har yakan fi rage kumburi, miligiram 200 zuwa 400 ga babba, bayan an ci abinci. Amma mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, da mai asma da irinsa ke tayar masa, su bar shi. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba.

Alewar tsotsa irin Strepsils ko TomTom tana jawo yawu ta sanyaya wuri na ɗan lokaci. Ina jefa ɗaya a baki kafin in shiga aji. Ba ta warkarwa, kuma ba ta ƙananan yara ba ce, tana iya sarƙe su.

Abinci, ɗaki, murya

Abinci mai laushi mai santsi: koko, kunun gyaɗa, fate, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, farfesu ba yaji, ayaba, yogot. A ɗaga wa ƙuli-ƙuli, kilishi, tsire da soyayyen abu ƙafa na kwana biyu. Yaro in ya ƙi abinci amma yana shan ruwa da kunu, kada a yi masa ɗura.

Ɗaki kuma, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. Da dare a rufe taga ta ɓangaren iska, a kawar da fanka daga saitin fuska, a shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin. Turaren wuta, mata, a yi haƙuri da shi har a warke, haka maganin sauro na hayaƙi. Kaskon gawayi don jin ɗumi a rufaffen ɗaki kuwa, wannan ya wuce maganar maƙogwaro, kisa yake yi. Mai sigari da mai shisha sun san nasu. Mai fita, musamman masu bin hanyar bayan gari ta Nnamdi Azikiwe inda manyan motoci ke tayar da ƙura, ya sa takunkumi.

Sirace yana ɗan buɗe hanci, in hanci ya buɗe kuma mutum ya daina kwana da baki a buɗe, wanda shi ke sa a tashi da asuba maƙogwaro kamar an goga masa yashi. Babba zai iya yi da ruwan zafi a roba, a kan tebur, minti 5 zuwa 10. Ban da yara. Na taɓa ganin cinyar yarinyar da robar sirace ta kife mata a kai, ba na son in sake gani. Robb kuma na shafawa ne a ƙirji, ba na narkawa a ruwan zafi a sha ba.

Murya a huta da ita. Raɗa ba hutu ba ce, ta fi magana a hankali gajiyar da maƙogwaro. Ni a irin ranakun nan allo nake cikawa da aiki, in ɗauko monita ya karanta da ƙarfi.

Kowa da kofinsa da cokalinsa har a warke, a riƙa wanke hannu, a yi tari a gwiwar hannu.

Kafso da wanzami

Shekarun baya, da na ji maƙogwaro ya fara sai in biya kemis ɗin layinmu. Yaron shagon ko bakina bai taɓa cewa in buɗe ba. Zai yanko kafso na kwana biyu daga kati, ya haɗa da wasu ƙwayoyi kala uku a farar leda, ya ce "Malama, safe da yamma". In sha, ciwon ya tafi a kwana na biyar, in ce kafso ya yi aiki. Wata shekara kuɗi suka yanke, ban saya ba, ciwon ya tafi a kwana na biyar. Abin da kafson ya taɓa ƙara mini kawai shi ne gudawa. Maganin bakteriya ba ya taɓa bairos, kuma shan sa guntu-guntu shi ke koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. In likita ya duba ya ce sitiref ne ya rubuta, yawanci na kwana 10 ne, a shanye duka ko da an ji sauƙi a kwana na uku.

Sai maganar beli. Lokacin da babban ɗana yake shekara bakwai ya yi ciwon maƙogwaro sau biyu a hunturu ɗaya. Surukata ta zo ta leƙa bakinsa, ta ce, "'Yar nan, ai beli ne ya sauko. Gobe a kira wanzami, ubansa ma haka aka yi masa." Na sunkuyar da kai na ce, "To, Hajiya, Allah Ya kai mu." Ban iya musu da ita ba, kuma na san ƙauna ce ta sa ta faɗa. Da dare na samu maigidan na ce mu fara kai shi asibiti, in sun ce a cire sai a cire. Aka kai shi, aka ce mura ce da ƙura, a yi abin da na lissafa a sama. Har yau belinsa na nan, ya gama sakandare da shi.

Wannan ɗan tsokar da ke reto a tsakiyar ganɗa halitta ce, kowa da tasa. In maƙogwaro ya kumbura ita ma takan kumbura ta yi kamar ta ƙara tsawo, in ciwon ya tafi ta koma yadda take. Yanke ta a tsakar gida da askar da ta shiga bakin wani, ana gudun gara ne a faɗa gidan zago: zubar jinin da ba a iya tsayarwa, ruɓewar wurin, sandarewar tetanus, ciwon hanta, har ƙanjamau. Haka zura yatsa a matse ƙululun wuya wai a fasa. A bar shi.

Ranar da za a bar gida

Ban da alamomin da na faɗa a farko, a tafi asibiti nan take in numfashi ya yi wuya, ko an kasa haɗiyar ruwa, ko ciwon ya taru a gefe ɗaya har baki ya kasa buɗuwa, murya ta koma kamar an guntsi dankali mai zafi, domin wannan ƙurji ne ya tara ruwa a ciki. Haka in ƙuraje sun feso a jiki, ko wuya ya sanƙare, ko yaro ya yi laushi ya daina fitsari. In zazzaɓi ya kai kwana 3, a je a yi gwajin maleriya, kada a yi ta zato. Zazzaɓin rani da ya zo da ciwon maƙogwaro ya ƙi jin maganin maleriya, a koma a faɗa wa likita, don zazzaɓin Lasa ma haka yakan fara. Mai ciwon suga, mai sikila, mai juna biyu da jariri, su kada su jira kwanakin nan.

In mako ya cika ba sauƙi, a je. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa farawa, ga Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ga Barau Dikko a cikin gari. Wanda ciwon ke yawan dawo masa, ko muryarsa ta dishe ta wuce mako 3, musamman mai shan taba, ya nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Mun yi sa'a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna take, kuma suna duba maƙogwaro. Wanda kuma kullum da asuba yake tashi da shi tare da tsami a baki, wataƙila ruwan ciki ne ke hawowa cikin dare; ya gwada cin tuwon dare da wuri, ya bar awa 2 ko 3 kafin ya kwanta, ya ɗaga wajen kai.

In yaro za a kai, a tafi da katinsa na rigakafi. Allurar Penta da ake yi a mako 6 da 10 da 14 ita ke tsare mashaƙo, kuma tambayar farko da za a yi a asibiti ke nan, ko ya samu ukun duka. In katin ya nuna an tsallake ɗaya, a faɗa musu tun ba su tambaya ba, a kuma duba na ƙannensa da aka bari a gida.